Tarihin Learie Constantine, Ɗan Wasa Mai Gari Biyu

Masu iya magana suna cewa gida biyu maganin gobara. Gaskiya ne, amma akwai ranar da gidajen nan biyu za su tashi yin takara da juna, mai gida biyu ya rasa inda zai sa kansa, masoyansa kuma su rasa wanda za su yi wa fatan nasara. Irin wannan rana ta sha zuwa wa wani shahararren ɗan wasan kurket mai suna Learie Constantine, da mutanen wani ƙaramin gari na Ingila da ake kira Nelson. Tarihinsa nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a taƙaice, don akwai abin lura a cikinsa ko ga wanda bai taɓa ganin an yi wasan ba.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata in ɗan bayyana yadda wasan yake. Kurket wasan Ingilishi ne, su suka kai shi ƙasashen da suka mallaka, har nan ƙasarmu an yi shi a tsohuwar Kwalejin Katsina. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili ana kafa turaku uku a nan, uku a can, tsakaninsu yadi 22. Mai jifa yakan sheƙo a guje ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri don ya kā da turakun, mai bugu kuwa yana tsaye gabansu da sandar katako mai faɗi, yana kare su, yana kuma neman ya kwaɗa ƙwallon ta yi nisa. In ta yi nisa sai shi da abokinsa su yi ta gudu tsakanin turakun, kowane zuwa maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara ta fita iyakar fili maki 4 ke nan, in kuwa ta tsallake ta sama maki 6. Ana fid da mai bugu in an kā da turakunsa, ko in wani ya cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa. In an fid da mutum 10 sai ɗaya ƙungiyar ta karɓi bugu. Babbar karawa ta ƙasa da ƙasa ita ake kira Tes, takan kuma ɗauki kwana uku ko fiye.

An haifi Learie Constantine ran 21 ga Satumba 1901 a wani ƙauye kusa da Diego Martin, cikin tsibirin Tirinidad. Tirinidad ɗaya ce daga tsibiran da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, waɗanda ake kira Wes Indis, a lokacin kuwa tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Kakanninsa mutanen Afirka ne da aka kwasa aka kai can zamanin cinikin bayi. Mahaifinsa, Lebrun Constantine, mai lura da ma'aikata ne a wata gonar koko, kuma gwanin kurket ne na gaske. Ya je Ingila da ƙungiyar Wes Indis a 1900 da 1906, shi ne kuma mutumin Wes Indis na farko da ya ci maki 100 a bugu ɗaya a ƙasar Ingila. Kawunsa ma, Victor Pascall, mai jifa ne sananne. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun Learie yana ƙarami uban ya ɗora shi a kan wasan, ya fi kuma matsa masa wajen cafke ƙwallo, har ya zamana ba a cika samun wanda ya kai shi saurin hannu ba.

Da ya bar makaranta sai ya kama aikin akawu a ofishin wani lauya a Port of Spain, babban birnin tsibirin. Burinsa shi ma ya zama lauya. Amma a zamanin nan hanyar ba ta buɗe wa ɗan talaka baƙar fata ba, ko da kuwa yana da ƙwazo. Har a wajen wasa ma launin fata ke raba mutane. Kulob ɗin Turawa daban, na masu hasken fata daban, na baƙaƙe daban. Shi a kulob ɗin Shannon ya yi wasa, inda mahaifinsa yake. A 1921 aka fara sa shi cikin ƙungiyar Tirinidad, a 1923 kuma aka zaɓe shi ya bi ƙungiyar Wes Indis zuwa Ingila. Tafiye-tafiyen nan sun jawo masa suna, amma ba su jawo masa kuɗi ba, sai ma suka riƙa raba shi da aikinsa, don tafiya ɗaya takan ci wata da watanni. A 1927 ya auri Norma Cox, shekara ta zagayo suka sami 'ya mace, Gloria. Nauyi ya hau kansa, ga shi kuwa ba wani aiki mai tsoka.

Saboda haka da aka sake tafiya Ingila a 1928, sai ya ƙudurta a ransa zai nuna abin da ya iya, ko wani kulob ya ɗauke shi aikin wasa da albashi, ya sami halin karatun lauya. Dama ta zo masa a watan Yuni, a filin Lord's na Landan, wanda shi ne uwar filayen kurket duka, a karawarsu da ƙungiyar Middlesex. Wes Indis na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi ya shigo ya ci maki 86 cikin ƙasa da awa ɗaya. Da jifa ya zo kansu ya fid da mutum 7, maki 57 kaɗai aka ci a kansa. A bugu na ƙarshe suna neman maki 259, rabin mutanensu sun fita tun ba a je ko'ina ba, ya sake shigowa ya ci 103 cikin awa guda, suka yi nasara. Kashegari sunansa ya cika jaridun Ingila.

A wannan shekara ce kuma Wes Indis ta yi Tes ɗinta na farko a tarihi, da Ingila, a filin Lord's. Constantine ne ya fid da mutum na farko, wato Charlie Hallows, ɗan lardin Lankasha. Ingila ta cinye karawa ukun duka ba da wata wahala ba. Duk da haka mutanen Lankasha ɗin nan su suka fi kowa lura da shi, kulob ɗin garin Nelson ya aika masa da takardar ɗauka.

A wancan lokaci Nelson gari ne na masaƙa a arewacin Ingila, mutanensa ba su kai dubu 40 ba, yawancinsu a masaƙun auduga suke aiki, maza da mata. A lokacin kulob ɗinsu yana cikin wata gasa ta kulob 14 na garuruwa maƙwabtan juna. Ran Asabar da rana, in an tashi daga aiki, sai gari ya ɗunguma zuwa filin wasa. Dokar gasar ita ce kowane kulob yana iya ɗaukar ƙwararre ɗaya tak wanda za a biya, sauran goman 'yan gari ne masu yi don sha'awa. Ke nan nauyin gari duka a wuyan ƙwararren nan yake. Albashin da aka fara yanka wa Constantine fam 500 ne a kowace kakar wasa, kuɗi mai yawa ƙwarai a lokacin da masaƙu ke rufewa, mutane suna rasa aiki.

Da farko zaman bai yi daɗi ba. A 1929 da suka sauka, yawancin mutanen garin ba su taɓa zama kusa da baƙar fata ba. Yara sukan bi su da kallo a titi, waɗansu manya sukan kau da kai in an gaishe su, har da masu aiko da wasiƙun zagi. Ya yi tunanin tattara kayansa ya koma gida, matarsa Norma ce ta ba shi haƙuri, ta ce su ƙara jinkirtawa. Mahaƙurci mawadaci. Sannu a hankali maƙwabta suka saba da su, aka fara shiga gidan juna, 'yarsu ta shiga makarantar garin. A filin wasa kuwa abin sai wanda ya gani. Ya yi wa Nelson wasa shekara tara, daga 1929 zuwa 1937. A cikinsu sau bakwai suna cin gasar, sauran biyun kuma suka zo na biyu. A 1934 ya fid da 'yan Accrington su goma duka shi kaɗai, maki 10 kacal suka ci a kansa. A 1937 ya ci maki 192 ba a fid da shi ba. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma wannan baƙon ya zama ɗan gari, don iyalinsa sun shekara ashirin a Nelson.

To, a nan ne zukatan 'yan kallo suka fara rabuwa biyu. Na farko su ne mutanen garuruwan da ke gasa da Nelson. Duk ran da Nelson ta je musu baƙunci filinsu yakan cika maƙil, kuɗin ƙofa ya ƙaru, asusun kulob ɗinsu ya farfaɗo. Mutum ya biya kuɗinsa don ya ga garinsu ya ci, amma kuma don ya ga Constantine ya zo. In an fid da shi da wuri garinsu ya sami sauƙi, shi kuwa ɗan kallo ya yi asarar abin da ya zo gani. In ya daɗe yana bugu ido ya more, gari ya sha kashi.

Na biyu su ne mutanen Nelson kansu, kuma nasu ya fi wuya. Su Ingilishi ne, ƙungiyar Ingila tasu ce tun kaka da kakanni. Amma gwaninsu, maƙwabcinsu, wanda suke haɗuwa da shi a kanti da bakin titi, ɗan ƙungiyar Wes Indis ne, kuma ba ya raga wa Ingila in sun haɗu. A 1930, a birnin Georgetown, ya fid da mutum 9 a karawar da Wes Indis ta ci Tes ɗinta na farko, Ingila ce kuwa aka kayar. Wannan a nesa aka yi shi, a jarida kawai suka karanta. A 1933 sai abin ya zo har ƙofar gida.

A shekarar nan Wes Indis ta zo Ingila don yin Tes uku. Constantine yana ƙarƙashin yarjejeniya da Nelson, ba shi da ikon tafiya sai sun sake shi. Shugabannin kulob suka shiga tsaka mai wuya. In sun sake shi ran Asabar, su za su yi wasa ba gwaninsu, su yi asarar kuɗin ƙofa, wataƙila har da gasar. In sun hana shi, sun hana mutum yi wa ƙasarsa aiki. A ƙarshe Tes ɗaya kaɗai ya samu ya yi cikin ukun, wato na filin Old Trafford a birnin Mancesta, kimanin mil 30 daga Nelson.

Karawar nan ta yi zafi. Watanni kaɗan kafin haka, kyaftin ɗin Ingila Douglas Jardine ya kai ƙungiyarsa Ostareliya, ya sa masu jifansa suka riƙa auna jikin masu bugu da ƙwallo mai tsananin gudu, har abin ya kusa ɓata zumuncin ƙasashen biyu. Yawancin Ingilishi ba su ga irin wannan jifa da idonsu ba. A Mancesta sai Constantine da abokinsa Martindale suka juya wa Ingila makaminta. Ƙwallo ta fasa wa Wally Hammond haɓa, shi kuwa yana cikin manyan masu bugun Ingila. Jardine ya tsaya ya jure, ya ci maki 127, aka tashi ba wanda ya ci wani. Daga ranar nan da yawa cikin waɗanda suka goyi bayan wannan salon jifa suka sake tunani, ba da daɗewa ba kuma aka gyara dokokin wasan don a hana shi.

Sai mu duba halin masaƙin Nelson da ya hau jirgin ƙasa ya je kallon wasan nan. Mai bugu kyaftin ɗin ƙasarsa ne. Mai jifa kuwa mutumin da ya ɗaukaka sunan garinsu ne, wanda yake yi wa tafi kowace Asabar. Duk ƙwallon da aka jefa, dole ɗayansu ya ji kunya. Abin da ya fi sauƙi a gare shi shi ne ya yi fatan Constantine ya yi bajinta, Ingila kuma ta ci wasan, alhali kuwa ya san sau da yawa biyun ba sa haɗuwa.

Na uku su ne mutanen Wes Indis. Su ma ransu a rabe yake. Suna alfahari ɗansu ya je ƙasar masu mulkinsu ya fi su iya wasansu, yana kuma cin albashin da 'yan wasan Ingila kaɗan ne ke samun irinsa. Amma suna jin zafi ganin ƙungiyarsu tana shan kashi a Landan, gwaninsu yana can yana yi wa wani ƙaramin gari wasa. Ingila ta ci sauran karawa biyun da ba ya ciki. Sai dai ya biya su bashin a farkon 1935, lokacin da Ingila ta je Wes Indis. Ya ci maki 90 a gaban mutanensa a Tirinidad. A karawar ƙarshe a Kingston ta Jamaika, kyaftin ɗinsu Jackie Grant ya ji rauni, ya miƙa masa jagorancin ƙungiya, suka ƙarasa Ingila. Wannan ne karo na farko da Wes Indis ta ci jerin Tes gaba ɗaya. Duk da haka ba a taɓa naɗa shi kyaftin ba, don a zamanin nan Bature kaɗai ake bai wa wannan muƙami. Ya daɗe yana sukar wannan al'ada, shi da abokinsa marubuci C. L. R. James, wanda ya zauna gidansa a Nelson a 1932. Sai a 1960 aka naɗa baƙar fata, Frank Worrell, ya ja ƙungiyar a tafiya guda cikakkiya.

Tes ɗinsa na ƙarshe a 1939 ne, a filin Oval na Landan, inda ya ci maki 79 ya kuma fid da mutum 5. Jimlar Tes ɗin da ya yi 18 ne, ya ci maki 635, ya fid da mutum 58. Ana gama wannan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Abokan wasansa suka koma gida, shi kuwa ya zauna. Ma'aikatar Ƙwadago ta Ingila ta ɗauke shi aikin kula da jin daɗin ma'aikatan Wes Indis da aka kawo masana'antun yankin Liverpool, yana sasanta su da masu kamfani da ƙungiyoyin ƙwadago waɗanda ba sa son aiki da baƙaƙe.

A 1943 wani abu ya faru wanda ya sa sunansa cikin littattafan shari'a. Ya je Landan da iyalinsa don yin wasan tara kuɗin taimako, ya riga ya kama ɗaki a otal ɗin Imperial. Da suka isa sai aka nuna musu ba a son zamansu saboda launin fatarsu, dole suka koma wani otal. Bai yi faɗa ba, sai ya kai ƙara kotu. A 1944 alƙali Birkett ya ba shi gaskiya. Diyyar da aka yanka fam 5 da sule 5 ce kawai, don a lokacin babu dokar da ta hana wariyar launi, sai dai tsohuwar dokar da ta wajabta wa mai masauki karɓar matafiyi. Amma shari'ar ta tona asirin abin da ake yi wa baƙaƙe, tana kuma cikin abubuwan da suka share hanya har aka kafa dokar hana wariya a wuraren jama'a a 1965. A 1945 kuma, da aka haɗa ƙungiyar ƙasashen renon Ingila don ta kara da Ingila a filin Lord's, shi aka bai wa jagorancinta, ko da yake sauran 'yan wasan Turawa ne. Suka kuwa ci Ingila.

Duk wannan hidima ba ta mantar da shi burinsa na farko ba. Ya yi ta karatu yana faɗuwa jarrabawa yana sakewa, har ya zama lauya a 1954, yana da shekara 53. A shekarar ya koma Tirinidad. Ya shiga jam'iyyar Eric Williams ya zama shugabanta, ya ci zaɓe a 1956, aka ba shi ministan ayyuka da sadarwa. A 1961 aka tura shi Landan ya wakilci ƙasarsa, wadda ta sami mulkin kai a 1962, shekarar da Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir. A 1963 mutanen Nelson suka kira shi suka ba shi 'yancin gari, wato girmamawa mafi girma da gari ke yi wa mutum.

A wannan shekara ma gida biyu ya sake jawo masa magana. Kamfanin bas na birnin Bristol ya ƙi ɗaukar baƙaƙe da 'yan Asiya aikin direba da kwandasta, baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocinsa. Constantine ya je Bristol ya goyi bayansu a fili. Kamfanin ya janye dokarsa a watan Agusta, amma gwamnatin Tirinidad ba ta ji daɗi ba, tana ganin wakilin ƙasa bai kamata ya sa baki cikin harkar gidan wata ƙasa ba. Shi kuwa a ganinsa Ingila ba gidan wani ba ne, ya shekara 25 a cikinta. A 1964 ya bar muƙamin, ya ci gaba da zama a Landan yana aikin lauya da na rediyo, ya kuma zama ɗaya daga cikin 'yan hukumar da ke binciken ƙararrakin wariya.

A 1969 aka naɗa shi ɗan Majalisar Dattawan Ingila, shi ne baƙar fata na farko da ya zauna cikinta. Bisa al'ada, wanda aka yi wa wannan naɗi akan haɗa sarautarsa da sunan wuri. Tasa sarautar sunan wuri biyu ta ɗauka, Maraval ta Tirinidad da Nelson ta Lankasha. Ya rasu a Landan ran 1 ga Yuli 1971. Aka kai gawarsa Tirinidad aka binne shi da girmamawar gwamnati, aka kuma yi taron tunawa da shi a babbar majami'ar Westminster ta Landan. Matarsa Norma ta bi shi bayan wata biyu.

'Yan'uwana ɗalibai, irin halin da mutanen Nelson suka shiga ba baƙo ba ne gare mu. Muna ganinsa ran da ɗan ajinmu ya fito wa wani gida a wasannin makaranta, ko ran da ɗan garinmu ya zo cikin ƙungiyar wata makaranta don ya kara da tamu. Mutanen Nelson ba su daina son Ingila ba don suna son Constantine, shi ma bai taɓa sassauta wa Ingila jifa don ya faranta musu rai ba. Da ya sassauta, da sun raina shi, da kuma mutanen Tirinidad sun ce ya sayar da su. Kowa ya riƙe amanar da ke wuyansa, shi ya sa zumuncinsu ya kai shekara arba'in bai yanke ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, a filin wasa da wajensa, amin.